Kujerar Ƙarshen Sahu

Yayana ne ya sayi kujerar. Fara ce, ta roba, irin wadda ake haya a gidan biki. Shi da kansa ya ɗauko ta a bayan mota ya kai masallacin layinmu a Unguwar Dosa, ya ajiye ta a ƙarshen sahun farko, jikin bango. Da yake ya haura shekara talatin yana aikin gwamnati, inda ko kwandon shara sai an rubuta masa lamba, bai iya barin abu haka nan ba. Sai da ya samo jan fenti ya rubuta a bayanta da manyan baƙaƙe: TA MARA LAFIYA CE, KADA A ƊAUKA. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na firamare na tsaya, amma wannan kam na iya karanta shi. Duk wanda ke sahu na biyu ma ya iya.

Mara lafiyan ni ne. Lokacin shekarata arba'in da bakwai.

Aikina gyaran jikin mota, abin da ake ce wa fanalbita. Garejinmu yana Abakpa, kuma tun ban fara gemu ba nake wurin, a tsugune, guduma a hannun dama, doli a hagu, wato ɗan dunƙulen ƙarfen da ake tarewa da shi ta ciki in ana bugun waje. Wata Talata da hantsi ina yanke gefen wata bas da ta sha karo. Na yanke ɓangare uku, saura ɗaya, na juya zan ɗauki guduma, sai falankin ƙarfen ya sulluɓo ya sauka a bayan ƙafata ta dama, sama da dunduniya kaɗan. Ban ji zafi ba da farko. Ji na yi kamar wani ya maka min sanda, har na waiwaya ina neman wanda zan zaga, sai na ga takalmina ya cika da jini. A asibiti suka ce agara ce ta yanke, jijiyar nan mai kauri da ke ɗaure da dunduniya. Aka yi aiki, aka ɗinke, aka sa min siminti har gwiwa, na yi makonni ina kallon rufin ɗaki.

Ranar da aka fasa simintin, ƙafar ta fito siririya tana saɓa, kamar aro na yi. Ciwon ya warke, amma ya bar tabo mai tudu da tauri, irin waldar da aka yi da gaggawa ba a goge ba. In ka sa yatsa ka tura fatar wurin, ba ta zamewa, ta manne da naman da ke ƙasa. Sharaɓar kuma ta ɗaure tamau. Tafiya ina yi, da ɗingishi. Abin da ya gagara shi ne lanƙwasa idon sawu. Mutum bai san aikin da idon sawu ke masa ba sai ya zo tsugunawa.

Ranar farko da na koma masallaci, sallar azahar ce, na shiga tsakiyar sahu kamar yadda na saba. Tsayuwa lafiya, ruku'u lafiya. Da liman ya yi kabbarar sujada na tafi ƙasa, sai na ji kamar an ja waya daga dunduniyata zuwa bayan gwiwa, wayar ta ƙare, ƙafar ta ƙi ba da ko kaɗan. Na tafi gefe ɗaya na faɗa kan wani tela da ke kusa da ni, shi kuma ya ture na kusa da shi. Ba wanda ya yi dariya, ana salla. Amma bayan sallama sannun da aka yi min ta fi dariya ciwo. Washegari kujera ta iso.

Akwai kujeru biyu a wurin tun kafin tawa. Ɗaya ta wani tsoho ce da ya yi aikin jirgin ƙasa, abokin mahaifinmu ne, ɗayar kuma ta wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa. Da na zauna, tsohon jirgin ƙasa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ka shigo layinmu da wuri. Mu sai da muka ci tamanin aka ba mu." Da alheri ya faɗa, har yana matsa min wuri. Ni kuwa a ranar ban san abin da na karanta a sallar ba.

Kada a ce ban san hukunci ba. Liman ya kira ni gefe ya gaya min wanda bai iya ba ya yi a zaune, ladansa cikakke, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na yarda da wannan a lokacin, na yarda da shi yanzu. Tsofaffin nan biyu sallarsu ta fi tawa. Amma ni ban yarda ban iya ba, a nan muka rabu da kowa. In jama'a suka tafi sujada, ni da ke kan kujera sai in ɗan sunkuya, in ga bayan mutane a jere a ƙasa, ni kaɗai a sama kamar mai gadin takalma. Goshina ya yi wata biyar bai taɓa ƙasa ba. Har baƙin da ke goshin ya fara dushewa, matata ce ta lura, ta faɗa ba da nufin komai ba, na yi kwana biyu ina fushi da ita.

Yaya kuwa ya riga ya gama tsara min rayuwa. Ya ce tunda tsuguno ya gagara, gareji ya ƙare ke nan, ya yi magana da wani tsohon abokin aikinsa za a samo min gadi a wata ma'aikata, zama ne kawai a benci da buɗe ƙofa. Daga kujerar masallaci sai bencin gadi. Mutumin kirki ne Yaya, shi ya kwana da ni a asibiti, ba zan ci amanarsa ba. Amma irin mutanen nan ne da in suka rufe fayil, sun rufe.

Tun ranar da aka fasa simintin likita ya ba ni wata takarda ya ce in kai sashen gashin ƙashi. Na jefa ta cikin akwatin kayan aiki, don a tunanina gashi ruwan zafi ne da tsumma, kuma wannan matata na yi min a gida. Ita ce ta tsinci takardar, duk ta sha baƙin mai, ta kai wa wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta karanta mata. Da safe na tarar ta goge min kaya ta ɗora takardar a kai.

Wadda na samu a sashen mace ce, za ta yi sa'ata ko ta ɗan girme ni, gajeriya, da tabarau a kan hanci. Na ce mata Likita, ta ce ita ba likitar allura ba ce, amma in kira ta duk abin da ya sauwaƙa. Na ci gaba da ce mata Likita. Ta duba tabon, ta tura shi hagu da dama, ta matsa sharaɓar har na ciji leɓe. Sannan ta tambaye ni abin da ba wanda ya tambaye ni tun da abin ya faru: me nake so ƙafar ta yi min? Na ce salla a ƙasa. Ba ta ce Allah sarki ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Cewa ta yi in tashi in fuskanci bango.

Ta sa na kafa babban yatsan ƙafar a jikin bango, ta ce in tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da dunduniya ta ɗaga ba. Na tura, na tura, gwiwar ta tsaya a hanya. Ta ce in gwada da ta hagu. Ta hagu kuwa ko da na ja ta baya da faɗin tafin hannu, gwiwar na taɓawa. Ta ce to ga tazarar da ke tsakanina da ƙasa, ba ta yi min alkawarin za mu cinye ta duka ba, amma za mu ci wani abu in ina da haƙuri. Na ce ina da shi. Ƙarya na yi, ban sani ba.

Sai ta kwantar da ni rub da ciki, ta ɗora min tawul mai ɗumi na ɗan lokaci, ta shafa mai, ta warware wani ƙyalle irin wanda muke naɗe sifanu a ciki. Ƙarafa ne a jere, farare, masu sheƙi, ba sa tsatsa. Wani kamar jinjirin wata, wani kamar ƙahon sa, wani dogo mai hannu biyu. Ba kaifi gare su ba, bakinsu a daƙushe yake, an dai ɗan zaftare shi. Ta ɗauki mai kama da jinjirin wata ta kwantar da shi a karkace, ta fara ja a kan sharaɓar daga sama zuwa ƙasa. A inda naman ke lafiya, ƙarfen na wucewa sumul. Da ya iso kusa da tabon sai na ji gurus-gurus, kamar taya a kan tsakuwa. Ta ce na ji? Na ce na ji. Ta ce ita ma ta ji a hannunta, ƙarfen ne ke gaya mata inda naman ya cure.

Wannan ya shige ni, domin haka muke yi. Ido ba ya ganin ƙaramar lotsawa a jikin ƙofa. Sai ka sa tsumma a tafin hannu ka shafa, hannun ya gaya maka. Na ce a raina, ashe matar nan fanalbita ce.

Abin da ya ɓata min rai shi ne gajartar aikin. In fito tun bayan asuba, in hau keke mai ƙafa uku, in karɓi kati, in zauna a benci har hantsi ya ɗaga, sannan a kira ni, ta ja ƙarfen nan na 'yan mintuna, fata ta ɗan yi ja, ta ce ya isa. Sauran lokacin duk motsa ƙafa ne: jingina da bango, ja da tawul, ɗaga dunduniya a kan matakala. Ta sha gaya min ƙarfen share fage kawai yake, motsin ne aikin, kuma naman na bukatar hutu tsakanin zuwa da zuwa. Sau biyu a mako. Ni kuwa abin da na gani shi ne ƙarfe, kuma ƙarfe sana'ata ce. A zuwa na huɗu, da ta fita amsa kira, na ɗauki jinjirin watan na ɗora a bayan katina na zagaye shi da biro.

A kasuwar 'yan ƙarafa ta Panteka na samo guntun farin ƙarfe mai kauri. Na yanke shi, na goge, na bi shi da samfefa tun daga mai kaushi har mai laushi, sai da na ga fuskata a ciki. Bakin ne na ɗan fi nata zaftarewa, don a ganina nata bai kama sosai. Na fara aiki. Safe da yamma, a gareji, in ɗora ƙafar a kan tsohuwar taya, in shafa man kaɗe, in danna da ƙarfin da nake danna guduma. Lissafina mai sauƙi ne: in minti biyar sau biyu a mako zai kai ni ƙasa a wata shida, to rabin awa sau biyu a rana zai kai ni kafin wata ya mutu. Motsin da ta ce in yi kuwa na watsar, na ce wannan na mata ne da tsofaffi. Na daina zuwa asibitin ma.

Kwana biyar wurin ya tashi daga ja ya koma baƙi-baƙi, jini ya kwanta tun daga tsakiyar sharaɓa har dunduniya. Ina jin zafi, ina murna.

Ranar Juma'a na je aski wurin wanzamina a Unguwar Sarki, gindin wani dogonyaro. Tun ina saurayi shi ke min aski, kuma duk shekara in bayana ya riƙe shi ke min ƙaho, ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Ya ga ƙafar ya ajiye aska. Ya ce wannan ai mataccen jini ne, shi ne ya ɗaure ƙafar tun farko, ƙarfen ya taso da shi sama, saura a fitar. Ya ce mutanen asibiti sun iya tasowa, ba su iya fitarwa ba, aikin nasu rabi ne. Maganar ta zauna min daram, domin abin da na taso ina ji ke nan: in jini ya yi baƙi, a ba shi hanya. Ni na ce ya yi, bai tilasta min ba. Ya buɗe zabira, ya kafa ƙaho biyu a gefen tabon, ya tsattsaga, ya ja. Jini ya fito baƙi ƙirin, muka dube shi mu biyu muna gyaɗa kai kamar mun kama ɓarawo.

Kafin Litinin ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. Wurin tsagar ɗaya ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Ko kujerar masallacin ban iya zuwa ba. Matata ba ta yi faɗa ba, ta dai tsaya a bakin ƙofa da mayafinta ta ce keke na jira a waje.

Aka wanke ciwon, aka ba ni magani, sannan aka tura ni wurin Likita. Ta daɗe tana kallon ƙafar ta saman tabarau. Ta tambayi wanda ya yi tsagar, na faɗa. Ta tambayi abin da ya kwantar da jinin kafin tsagar. Sai matata ta buɗe jaka ta fito da ƙarfena ta ajiye a kan tebur. Ban san ta ɗauko shi ba.

Likita ta ɗauka, ta juya shi, ta gwada bakinsa a kan babban yatsanta, ta ɗauko nata ta haɗa su baya da baya.

"Kai ka ƙera wannan?"

Na ce ni ne.

"Aikin ya yi kyau. Hannun da ya riƙe shi ne ba shi da hankali." Ta ajiye. "Malam, in ƙofar mota ta lotsa, wuri ɗaya kake ta bugu da iya ƙarfinka har ta miƙe?"

Na ce a'a, in ka yi haka ƙarfen zai saki, ya yi tumbi, ka danna nan ya ɓullo can, ka lalata ƙofar ke nan. A hankali ake bi, daga gefe, ana bugu ana shafawa.

"To ka san wannan a kan motar wani, ka manta a kan ƙafarka."

Ta ce baƙin da na gani ba tsohon jini ba ne da ya taso, sabo ne, ni na farfasa ƙananan hanyoyin jini da hannuna. Kuma duk rauni sabo tabo sabo yake haifarwa, wato na je cire tabo na ƙaro wani. Ta ce ba za ta sake taɓa ni da ƙarfe ba sai fatar ta rufe sarai, ko da zai kai wata guda, kuma in na sake yin gaban kaina, in nemi wani wurin. Ta sa ni a bango kafin in tafi. Gwiwar ta fi ranar farko nisa.

Da yamma Yaya ya zo. Labari ya riga ya kai masa. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da yake yi ke nan in zai yi dogon bayani. Ya ce ya yi shiru ne yana kallona. Ya ce taurin kai ne zai sa a yanke min ƙafa. Ya ce Allah Ya ba ni rangwame na ƙi karɓa, wannan ba ibada ba ce, girman kai ne, ina jin kunyar a gan ni da tsofaffi. Ya ce daga yau ba asibiti, ba wanzami, ba ƙarfe, in zauna a kujerata in gode wa Allah, maganar gadi kuma an ce in zo farkon wata.

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da mahaifinmu ya rasu. Ranar na ce, "Yaya, girman kan akwai shi, ban musa ba. Wautar ma na yi, ga ta nan a naɗe da bandeji. Amma wadda ta san ƙafar ba ta ce ta mutu ba. Ranar da ta ce ta mutu, zan zauna a kujerarka har a ɗauke ni. Kafin nan, kada a sake min maganar gadi."

Ya mayar da hularsa. Ya ce wa matata ta ji dai, ita ce shaida. Ya fita ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Kusan wata guda na yi ina jira, kuma a kan kujerar na yi jiran, sau biyar a rana, rubutun Yaya a bayana. Tsohon jirgin ƙasa ya ce ya ji an ce na so in gudu daga layi an kamo ni. Na ce masa gudun na nan, Baba, takalmi nake ɗaurawa.

Da fatar ta rufe muka koma farko. Wannan karon Likita ta ce in zo da matata. Ta ce tunda ba zan bar ƙarfe ba, gara ya koma hannun mai hankali. Ta sa na ƙera wani, ta nuna min yadda take son bakin, daƙusasshe, mai santsi, ta mayar min da shi sau biyu kafin ta yarda. Na farkon na jefa shi ƙasan akwatin kayan aiki. Ta koya wa matata yadda za ta kwantar da shi a karkace, inda za ta bi, inda ba za ta taɓa ba, kan ƙashi da bayan gwiwa, da kuma inda za ta tsaya: da zarar fata ta ɗan yi ja, shi ke nan. Sau ɗaya tsakanin zuwa da zuwa, ba ƙari. Matata ta riƙe dokar nan kamar ita ta kafa ta. In na ce ta ƙara dannawa, sai ta ce, "Malam, ƙafar taka ce, ƙarfen nawa ne," ta goge shi ta kulle a cikin kwalla.

Motsin kuwa na kama shi kamar aikin kwangila. Bangon zaurenmu har yau akwai tabon gwiwata a jiki. Na ja layi da ƙusa a ƙasa, duk Juma'a in gwada. Makonni uku na farko ba abin da ya motsa, na kusa cewa Yaya ya yi gaskiya. A na huɗu gwiwar ta taɓa bango. Daga nan na fara ja da yatsan baya, faɗin yatsa ɗaya, ya tsaya nan har na gaji da dubawa, sannan ɗaya da rabi. Gurus-gurus ɗin ya ragu. Wata rana matata ta tura fatar tabon da yatsa ta ce in duba, tana zamewa. A gareji na fara tsugunawa da guntun katako a ƙarƙashin dunduniya. A ɗaki kuma, in ba kowa, ina gwada sauka a kan darduma, hannu ɗaya a kan gado. Ban gaya wa kowa a masallaci ba.

A yatsa biyu da ɗan wani abu ƙafar ta tsaya. Likita ta ce mai yiwuwa iyakarta ke nan, ba za ta kamo ta hagu ba. Na tambaye ta ko ya isa. Ta ce in sauka ta gani. Na sauka a kan tabarmar roba a gabanta, na tashi, na sake sauka. Ta ce in riƙa sa hannu kafin gwiwa, in nemi gefen bango, in kuma ƙafar ta yi gardama wata rana, kujera ba abin kunya ba ce. Na ce na ji.

Sallar la'asar ce, ranar Laraba, ba wani taro. Na shiga na ɗaga kujerar na mayar da ita baya, na tsaya a gurbinta, bango a damana, tsohon jirgin ƙasa a haguna. Yaya yana sahu na biyu, ina jin idonsa a ƙeyata. Da aka yi kabbarar sujada na sa hannuwa, na sauke gwiwar hagu, na bi da ta dama. Wayar ta ja, amma ta ba da hanya. Goshina ya sauka. Na manta kafet ɗin masallacinmu yana da wari, warin ƙura da ruwan alwala da tsohon turare. Ban taɓa sanin ina kewar warin nan ba. A zaman tahiya ƙafar dama ta ƙi kafuwa sosai, sai na bar ta a ɗan kishingiɗe. Wajen tashi kuwa sai da jama'a suka miƙe suka daidaita kafin na iso. Amma raka'a huɗu na yi, ban faɗa kan kowa ba.

Bayan sallama tsohon ya kamo hannuna ya ce, "Ka gudu ke nan, ɗan nema." Yaya kuwa a waje ya tare ni, muna sa takalma. Ya ce a bar kujerar inda take, ba a san gobe ba. Na ce za a bar ta.

Washegari na zo azahar da wuri, da tsohon ƙarfena na farko a aljihu, mai kaifin bakin nan da ya kusa cinye min ƙafa. Na fito da kujerar waje na kifa ta a kan dakali. Fentin Yaya mai kyau ne, ya kama roba sosai, amma a nan kam ƙarfen ya samu aikin da ya dace da shi. Na kankare rubutun baƙi bayan baƙi, na bi da samfefa mai laushi, na goge da tsumma, na mayar da ita ciki. Ladan yana gefe yana kallona.

Yaya ya ce na ɓata kaya. Mun yi sati biyu gaisuwa kawai, daga baya ya kawo motarsa a gyara masa bamba, muka wuce wurin. Kujerar na nan, duk wanda ya zo da ciwon gwiwa ko baƙo tsoho yana ja ya zauna. Ni ma na zauna a kanta sau uku a daminar bara, da sanyi ya ɗaure ƙafar, ban mutu ba. Matata na fito da ƙarfenta daga kwalla duk sati. Wanzamina har yanzu yana cewa da an bar shi ya ƙara ƙaho ɗaya da tuni na warke, ni kuma ina ba shi kaina ya aske, ban da ƙafa.

Da safe sai na jingina da bango na ɗan lokaci kafin ƙafar ta yarda ta taka. Ɗingishin bai tafi duka ba, kuma ba zai tafi ba. A sahu ni ne na ƙarshen tashi kullum, har yaran layi sun sani, wanda ke bayana yakan ɗan jira. Su jira. Daga ƙasa nake tasowa.